Kati Ɗaya, 'Ya'ya Biyu

Litinin, 7 ga Yuli, ƙarfe huɗu na yamma

A bayan littafin awo nake rubuta wannan, kusa da awon rigunan Islamiyya guda talatin da ban ko yanka ba. Idan wani ya tsinci littafin, ya yi haƙuri da rubutun. A aji biyu na sakandare na tsaya, shi ma malamai ne suka roƙe ni in tsaya.

Yau na kai Juwairiyya asibiti. Riyya muke ce mata a gida. Shekararta goma sha biyu. Abin da ke ƙirjinta yana nan, bai tafi ba, bai kuma nuna alamar yana da niyya ba. Likita ya ce wata ƙungiya za ta kawo likitocin zuciya farkon watan gobe, za su yi wa yara ashirin aiki kyauta, 'yan ƙasa da shekara sha biyar. Ya ce Riyya ta cancanta, shi da kansa ya sa sunanta. Sai dai ba shi ke aika sunaye ba, kwamfuta ce. Ranar Juma'a, 25 ga wata, ƙarfe goma sha biyu na rana take rufewa.

Kwamfuta kuma ta ce a'a.

Aka tura ni wani ƙaramin ofis a bayan ɗakin kati. Wata Madam Liatu ce a ciki, da tabarau, da fanka mai kuka. Aikinta duba ingancin bayanan marasa lafiya. Ban san akwai irin wannan aikin a duniya ba.

"Malam Sabitu, shekarun 'yarka nawa?"

"Sha biyu."

"A nan sha takwas ne."

"To ai da kun gaya mini da wuri, in fara neman kayan ɗaki."

Ba ta yi dariya ba. Ta juyo mini da allon kwamfutar. Sunan Riyya ne a sama, da ja. Ta ce in duba nauyi: yarinya ta yi ta girma har kilo sha huɗu, sai aka daina ganinta, bayan shekara ɗaya da wani abu ta dawo da kilo uku. Ta ce in duba jini: a wata takarda iri kaza, a wata iri daban.

"Yaro ba ya komawa ciki a sake haifo shi, Malam. Jini kuma ba ya canzawa. Fayil mai ja ba ya tafiya wurin ƙungiya. Ka san abin da ya faru?"

Na ce zan tambayi uwarta.

Talata, 8 ga Yuli, bayan asuba

Ban tambayi uwarta ba. Me zan tambaye ta? Ni na yi.

Laraba, 9 ga Yuli, ƙarfe sha ɗaya, a shago

Kasuwar Wunti cike take kamar kullum. Abdulbaqi, wanda muke raba shago da shi, ya ce tun safe nake taka keke babu zare a allura. Na ce sabon salo ne, ɗinkin da ba a gani, na masu kuɗi.

Bari in rubuta in huta.

Kafin Riyya akwai wata Juwairiyya. Ta yi shekara huɗu tare da mu.

Da aka haifi wannan, Inna, Allah ya ji ƙanta, ta ce a mayar da sunan. Aka mayar. Ranar rigakafin farko matata Saudatu ta zauna a benci da jaririya, ta ce in je in yanko kati. Na bi layi har na kai taga. Mutumin ya ce suna, na faɗa. Ya ce sunan uba, na faɗa. Unguwa, Ƙofar Wambai. Ya ja wata durowa, ya ce, "Ai akwai ta a nan. Ita ce?"

Mutum kusan ashirin a bayana, wata mata tana turo ni da jaka. Amsa biyu ce. Ɗaya sai na yi bayani da bakina, a taga, da ƙarfi, saboda mutumin ba ya ji sosai. Ɗaya kuma "e" ce kawai.

Tsohon katin dama can yana cikin walat ɗina. Ban taɓa fitar da shi ba.

An yi ruwa da rana. Na ci ɗanwake.

Alhamis, 10 ga Yuli, ƙarfe biyu

Na koma na gaya wa Madam Liatu. Na shirya za ta yi faɗa, har na tanadi fuskar da nake yi wa masu ɗinkin sallah idan ban gama ba. Sai ta cire tabarau, ta ce, "Allah ya ji ƙanta." Sannan ta ce ba ni ne na farko ba.

"Akwai wani dattijo, kwamfuta ta nuna ya haihu sau huɗu. Gida guda, kati guda. Matansa duka da katinsa suke zuwa awo."

"Allah ya raya masa."

Wannan karon ta yi dariya, kaɗan.

Ta nuna mini yadda abin yake. Kowace safiya ƙarfe takwas, kwamfuta tana bin fayil ɗin kowa ɗaya bayan ɗaya, tana yi masa tambayoyi. An cike kowane gurbi? Abin da ke shafi na ɗaya ya yarda da na shafi na goma? Mutum ɗaya ne aka rubuta sau biyu, ko mutum biyu ne aka cusa a wuri ɗaya? Yaushe aka sabunta? Sai ta ba shi maki bisa ɗari. Casa'in zuwa sama kore ne. Ƙasa da haka ruwan ɗorawa. Idan bayanan suna ƙaryata juna, ja. Ita Madam tana zuwa ta tarar da jerin jajaye suna jiranta, ta bi su da waya.

Riyya tana da arba'in da ɗaya.

Na ce ai ta fi ubanta, ni ban taɓa wuce talatin a lissafi ba.

Na ce a buɗe mata sabon fayil mana, a huta. Ta ce sabon fayil fanko ne, ƙungiya kuma sai ta ga tarihin ciwon tun daga farko. Dole a raba. Kowace takarda a mayar wa mai ita. Tana son takardar haihuwar Riyya, da wasiƙa daga liman ko mai unguwa a kan ta farkon, tunda a gida abin ya faru kuma asibiti bai taɓa sani ba. Takardu sittin da uku ne a fayil ɗin. Hamsin da huɗu suna da kwanan wata, waɗannan ita za ta raba su da kanta. Tara ba su da shi. Lokacin da aka kwashe takardu aka zuba a kwamfuta shekara shida da suka wuce, duk wadda aka ga babu kwanan wata sai a sa mata na ranar da aka shigar da ita. Shi ya sa ake ganin Riyya ta zo asibiti sau tara a rana ɗaya.

"Nauyi ba zai raba su ba?"

"Duk su biyun sun taɓa yin kilo tara. Duk sun taɓa yin sha biyu. Sai kai da mahaifiyarsu kun zauna."

Mahaifiyarsu. Shekara goma sha biyu ban ji an haɗa su a kalma ɗaya ba.

Alhamis ɗin dai, bayan magariba

Na gaya wa Saudatu zancen kati. Tana tsince shinkafa. Ba ta ɗago ba.

"Ai na gane shi tun ranar, Baban Riyya. Akwai tabon manja a gefensa. Ni na zuba."

"Ba ki ce komai ba."

"Kai ka ce?"

Ta ci gaba da tsinta.

Juma'a, 11 ga Yuli, bayan la'asar

Liman ya tsufa, amma kansa bai tsufa ba. Na fara da zolaya, na ce Malam na zo a rubuta mini takardar shaida cewa ni mutumin kirki ne. Ya ce wannan sai an nemo wani limamin.

Da na faɗi abin da ya kawo ni ya sa aka ɗauko masa takarda. Ya ce wace rana ce. Na ce na manta.

Ya dube ni. Ya sa hannu ya jawo wani tsohon littafi daga ƙarƙashin buzu, ya yi ta buɗawa yana lasar yatsa.

"Laraba ce. Sha biyu ga Oktoba, dubu biyu da sha ɗaya. Bayan la'asar muka yi salla. Kai ka ɗauke ta, ka hana kowa."

Na ce haka ne.

Ban manta ba. Ina dai son in ji ko wani ma yana riƙe da ita.

Asabar, 12 ga Yuli

Ba komai. Na yanka riguna shida.

Litinin, 14 ga Yuli, ƙarfe tara da rabi

Na kai takardu jiya ta hannun mai gadi, yau Madam ta kira. An gyara shekarun haihuwa. An buɗe fayil na biyu. Tsohuwar lamba ta zauna wa mai ita, Riyya ta samu sabuwa. Makinta ya koma hamsin da takwas.

Na gaya wa Riyya. Tana kwance a tabarma a ƙofar ɗaki, ta jingina da filo biyu saboda kwanciya miƙe tana hana ta numfashi. Leɓenta yau da ɗan duhu.

"Abba, wai da gaske kwamfuta ta ce ni babba ce?"

"Ta ce kin isa zaɓe. Har na fara tunanin wa za mu sayar wa ƙuri'arki."

Ta yi dariya har tari ya kama ta. Na jira ya wuce. Ya daɗe.

"Ashe katin Yaya nake amfani da shi."

"E."

"Ba za ta ji haushi ba?"

Na ce ita ba ta da rowa. Na ce bari in je in ga ko an kawo wuta.

Talata, 15 ga Yuli, ƙarfe uku

Mun je mu biyu. A cikin Keke Napep babu wanda ya yi magana, sai direba da yake ta faɗa da wani mai mashin tun daga Wunti.

Madam Liatu ta ba Saudatu kujera mai kyau, ni ta ba ni ta roba mai karyayyen hannu. Ta ce za ta karanta kowace takarda, mu faɗi ta wace ce.

Ban san matata ba sai yau.

"Zazzaɓi da amai, kilo tara."

"Akwai maganar kunne?"

"Akwai. Kunnen hagu."

"Ta farko ce. Riyya ba ta taɓa ciwon kunne ba."

"Ƙuna a hannu, ruwan zafi."

"Riyya. Shayin babanta ta jawo."

"Gudawa, an ba da ruwan gishiri da sukari."

"Wane likita?"

"Ba a gane sa hannun."

"An rubuta haƙori?"

"An rubuta."

"Ta farko. Da azumi ne. Na sa atamfa mai ganye."

Haka har takwas. Babu kuka, babu rawar murya. Kamar tana raba wanki, wannan na wane, wannan na wance. Ni aikina gyaɗa kai. Na iya shi sosai.

Sai takarda ta tara.

Madam ta ce wannan da jan biro aka rubuta ta, an ja layi biyu a ƙasa. Kilo sha biyu. An yi wa yarinya allura, jikinta ya kumbura, numfashi ya yi wuya, an ba ta taimako ta dawo daidai. Ga sunan maganin. A ƙasa an rubuta: kada a sake ba ta. An gaya wa mahaifi.

Fanka tana ta kuka.

Saudatu ta ce, "Ban san wannan ba. Ba ni na kawo ta ba."

Madam ta dube ni. Saudatu ba ta dube ni ba. Bango take kallo, inda aka manna kalanda.

Na ce ban tuna ba. Na ce shekaru da yawa, ni da ko abin da na ci jiya sai an tuna mini.

Madam ta ce to, in je in yi tunani.

Laraba, 16 ga Yuli, ƙarfe takwas da kwata

Tamanin da shida. Ja.

Na ce Madam, saura huɗu kacal, a yi mana ragi mana, ko a kasuwa ana yi. Ta ce ba zancen maki ba ne. Gargaɗin magani da ba a san mai shi ba, ko fayil ya kai casa'in da tara, ja ne.

Laraba, bayan azahar

Saudatu ta kawo mini abinci shago da kanta. Ba ta saba ba. Ta ajiye, ta gaida Abdulbaqi, ta tambaye shi iyali, ta tafi. Shinkafa da wake, da yaji a ƙulle a leda yadda nake so.

Ba ta tambaye ni ba.

Alhamis, 17 ga Yuli, ƙarfe ɗaya

Na je ni kaɗai, da dabara. Ni mutum ne mai dabara, kowa ya sani, dubi inda ta kawo mu.

Na ce Madam, a sa wa Riyya takardar. Idan tata ce an kiyaye, idan ba tata ba ce ba a yi asarar komai ba, sai a ba ta wani maganin. Ta ce in jira. Ta kira likita a waya, ta sa yadda zan ji. Likita ya ce dangin wannan maganin ake ba yaro kafin a buɗe ƙirji. Idan aka rubuta jikinta ba ya karɓa, likitocin nan ba za su taɓa ta ba sai an kai ta wani gari an yi gwaji, gwajin kuma layinsa ya kai wata biyu. Za a cire ta daga wannan zuwan. Na ce yaushe za su dawo. Ya ce bai sani ba. Ya ce, "Malam Sabitu, ba na son ta kai baɗi a haka."

Ya kashe.

Na ce to a sa wa ta farko.

Madam ta ce, "Ka tuna ne, ko kana so ne?"

Na dubi fanka.

"Idan ka tuna, zan rubuta bayaninka yadda ka faɗa. Yaushe ne, ina mahaifiyarsu take, me likita ya ce maka. Sannan a karanta a gabanta ta sa hannu, kai ma ka sa. Ƙa'idar raba fayil ke nan. Idan kuma hasashe kake yi, ba zan rubuta ba. Idan ta Riyya ce muka ɗora wa wadda ta rasu, ka san abin da zai faru a ɗakin tiyata."

Na sani. Babu wanda ya fi ni sani a garin Bauchi.

Juma'a, 18 ga Yuli

Tamanin da shida. Ja. Na je masallaci. Na dawo.

Asabar, 19 ga Yuli, ƙarfe biyar

Na ɗinke wuyan riga gaba ɗaya, babu inda kai zai shiga. Abdulbaqi ya ɗaga ta sama yana nuna wa maƙwabta, ya ce Sabitu ya fara ɗinka wa marasa kai. Na fi kowa dariya.

Da suka watse ya ce, "Lafiya dai ko?"

Na ce jikin yarinya ne. Ya ce Allah ya ba ta lafiya. Ya karɓi rigar ya farke da kansa.

Lahadi, 20 ga Yuli, da hantsi

Saudatu ta tafi Darazo gaisuwar rasuwa a lokacin allurar nan ta takarda mai jan biro. Kwana uku ta yi. Kafin ta dawo kumburin ya saɓe, yarinya tana tsalle a tsakar gida. Na ce me zan tayar mata da hankali. Na ce zan gaya mata wata rana idan muna hira.

Iyakar abin da zan rubuta yau ke nan.

Litinin, 21 ga Yuli, ƙarfe takwas da minti goma

Madam ta kira. Ta ce ba ta da sabon labari, kiran dai aikinta ne. Saura kwana huɗu.

Na ce ta gaida kwamfuta.

Litinin, bayan la'asar

Riyya ta ce a ɗinka mata rigar asibiti mai aljihu, ta gaji da irin tasu mai buɗaɗɗen baya. Na auna ta. Ƙirji ya ragu da inci ɗaya daga awon ƙaramar salla. Na rubuta tsohon awon.

Ta ce, "Abba, idan sun buɗe za su ga komai da komai?"

Na ce za su ga duk ƙosan da ta sata tun tana aji ɗaya.

Saudatu tana wanke-wanke a bakin rariya, tana jin mu. Kwano ɗaya ta yi ta wankewa.

Talata, 22 ga Yuli

An yi ruwa tun safe. Ban fita ba. Na ce keke ya lalace.

Laraba, 23 ga Yuli, ƙarfe goma

Wata bakwai ne tsakanin kumburin nan da ranar da ke littafin Liman. Zazzaɓi ne kawai. Layin asibiti yana da tsawo, ni kuma ina da ɗinkin biki da za a karɓa da azahar. Akwai kemis a hanya.

Mai kemis ɗin ya tambaye ni. Wannan ne abin. Da bai tambaya ba da na samu inda zan raɓe. Yana jan ruwan allura ya ce, "Akwai maganin da jikinta ba ya so?" Ina duban agogon bangonsa. Na ce babu.

Ba ƙarya na yi ba. Ya fita daga kaina ne. Ya dawo bayan minti goma, muna kan hanya, tana kafaɗata.

Kowa ya ce kwana ne ya ƙare. Ni ma na ce haka. An karɓi ɗinkin da azahar, Abdulbaqi ne ya ba su.

Laraba, bayan magariba

Na ce wa Saudatu gobe za mu koma asibiti. Ta ce, "Ƙarfe nawa?" Na ce tara. Ta ce to. Ta goge mayafinta.

Alhamis, 24 ga Yuli, ƙarfe sha biyu

An gama.

Na shiga na ce Madam, yau a ba ni kujerar kirki, ni ne babban baƙo. Na zauna a ta robar.

Ta ce in yi magana a hankali saboda tana bugawa. Na ce takardar ta Juwairiyya ta farko ce. Watan Maris ne, shekarar da ta rasu. Uwarta tana Darazo. Ni na kawo ta. Likitan dogo ne mai tsagar Barebari. Ya rubuta sunan maganin a wata 'yar takarda ya ba ni, ya ce in ajiye, in nuna wa duk wanda zai yi mata allura. Ya maimaita sau biyu.

"Ka gaya wa mahaifiyarta?"

"A'a."

"Riyya ta taɓa samun irin wannan?"

"Ba ta taɓa ba."

"Ka tabbata?"

"Duk allurar da aka yi mata tun haihuwa ina tsaye a kai. Sai na karanta kwalbar. Da ɗan bokona."

Ta gama bugawa. Abin da take buƙata ke nan, da na tsaya a nan da ya isa. Ban san me ya sa na ci gaba ba. Na faɗi na Oktoba. Na faɗi kemis, da tambayar, da agogo. Madam ta ɗauke hannunta daga kan kwamfuta. Ta ce wannan ba ya cikin abin da fayil yake tambaya. Na ce na sani.

Ta karanta bayanin daga farko, da Hausa, a hankali. Ta miƙa wa Saudatu biro.

Saudatu ta sa hannu. Ta miƙo mini biron ba tare da ta juyo ba. Na sa nawa a ƙasan nata, ya karkace.

Madam ta ce saura abu ɗaya, ƙarami. A sabon fayil akwai gurbin wanda za a kira, wanda likitoci za su yi wa bayani kuma su tambaya. Ta kwafo lambata daga tsohon. A bar ta?

Saudatu ta ce, "Sa tawa."

Madam ta dube ni. Na ce ai tata ta fi samun sabis.

Ta goge. Lamba goma sha ɗaya ce, ɗaya bayan ɗaya suke tafiya daga dama. Saudatu ta karanto tata.

A hanya ta biya wa kanta kuɗin mota ta sauka a bakin kasuwa, ta ce za ta sayi kayan miya.

Alhamis, bayan la'asar

Ta yi miyar kuka. Ta zuba mini. Ta ce wa Riyya ta ci a hankali.

Juma'a, 25 ga Yuli, ƙarfe takwas da rabi

Wayata ba ta yi ƙara ba. Na duba ko caji ne. Akwai caji.

Juma'a, ƙarfe tara

Na ji wayar Saudatu daga ɗaki. Na ji tana cewa to, to, mun gode, Allah ya saka. Ina tsakar gida ina ɗaure igiyar takalmin da ba shi da matsala.

Ba ta fito ba. Riyya ce ta fito, tana dafa bango.

"Abba, Umma ta ce in gaya maka. Kore ne. Casa'in da bakwai. An tura sunana."

Na ce Alhamdulillahi. Na ce ina sauran ukun, ko kwamfuta ta ci nata kason.

"Ta ce ranar huɗu ga wata za a kwantar da ni. Ta ce ita za ta shiga da ni wurin likitoci."

"Ni fa?"

Ta koma ta tambayo. Na ji muryarsu ƙasa-ƙasa. Ta dawo tana haki, ta zauna a kan turmi kafin ta iya magana.

"Ta ce ka zo. Za a buƙaci mai riƙe kaya a waje."

Na ce to.